Ƙofar Ruwa: Inda Motar Ƙasar Sanyi Ke Koyon Zama da Zafin Kano

Ƙofar Ruwa ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Kano, tana arewacin birni a cikin Ƙaramar Hukumar Dala. Sai dai a yau idan mutumin Kano ya ce maka za shi Ƙofar Ruwa, kasuwa yake nufi. Kasuwa ce ta ƙarfe: rodi da bututu da kayan gini a wani ɓangare, kayan gyaran mota sababbi da na hannu a wani ɓangaren. Akwai rumfar da ba abin da ake sayarwa a cikinta sai fitilun mota, akwai wadda lagireto kaɗai aka jera tun daga ƙasa har rufi, akwai kuma inda za ka tarar da injuna a zube kamar kabewa a gona. A kewayen kasuwar kuwa garejin kanikawa ne birjik, domin duk inda ake sayar da kayan mota, nan masu ɗaura su suke yada zango.

Mu shida ne muka je, maza huɗu mata biyu, dukkanmu ɗaliban injiniya a jami'a. A zangon karatun da ya gabata mun yi darasi a kan zafi da yadda yake barin wani jiki ya koma wani, kuma allo ya sha lissafi. Da aka yi hutu sai muka ce bari mu je inda ake yin wannan lissafin da sifana, tunda gani ya kori ji. Tambayar da muka riƙe ita ce: me ya sa ake cire hita da esi daga motocin haya, kuma me motar take rasawa idan an cire su? Wannan tsaraba ce ga ƙannenmu 'yan sakandare, musamman masu ganin darasin Fiziks ba shi da wani amfani bayan jarrabawa.

Daga Kabuga muka shiga adaidaita sahu guda biyu, muka hau Titin Aminu Kano, muka wuce Goron Dutse, muka ratsa Gwammaja inda Gidan Mambayya yake, wato gidan marigayi Malam Aminu Kano. Tun kafin mu sauka ƙarar guduma ta fara yi mana maraba. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk saboda baƙin mai da ya shekara yana zuba, don haka duk wanda zai je, ya ajiye farin takalminsa a gida.

Daga ina motocin suke zuwa?

Yawancin motocin da ke kan titunanmu sun yi rayuwarsu ta farko a wata ƙasa. Muna kiran su Beljiyam, domin da yawansu ta tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ke ƙasar Beljiyam ake lodo su, ko da a Jamus ko Faransa aka hau su. Yarabawa kuma suna ce musu tokumbo, wato abin da ya zo daga ƙetaren teku. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. A da, da yawa ta Kwatano suke shigowa, kafin gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga watan Janairun 2017.

Motar da aka yi domin mutumin da ke tashi da safe ya tarar da ƙanƙara a kan gilashinsa, ita ce take wayar gari a Kano, inda zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Kuma ba hutu ta zo yi ba. Motar da iyali ɗaya suka hau a can, a nan za a ƙara mata kujera, a ƙarfafa mata sifirin, a ɗaura mata kaya a baya, ta kama hanya kullum. Wannan shi ne gyaran fuskar da ake yi wa mota a wajenmu. A Turai da Amurka ma akwai masu cire hita da esi, amma su masu tseren mota ne, suna rage nauyi don motar ta ƙara gudu. Namu direbobin kuwa neman abin kai wa bakin salati ne ya sa su.

Garejin Baba

A wani gareji da ke bayan kasuwar muka yi sallama. Maigidan wurin dattijo ne mai furfura, yaransa suna ce masa Oga, mu kuma muka ce masa Baba. Da muka faɗa masa abin da ya kawo mu, ya yi dariya ya ce 'yan boko sun zo cin jarrabawa a wurin jahili. Ya sa aka jawo mana benci, ya ce mun taki sa'a, domin ga aikin nan a gabansa.

Motar Sharon ce, wato Volkswagen Sharan, irin wadda aka fara ƙerawa a 1995. Direbanta yana tsaye a gefe, hannu a ƙugu. Hanyar Kano zuwa Jos yake bi, ta dajin Falgore da Saminaka, kuma motar ba tasa ba ce tukuna, biya yake yi kaɗan-kaɗan. Duk ranar da ta kwana a gareji, ranar babu kuɗin balas, babu na cefane. Abu uku ya kawo ta a yi mata. Ruwa yana zuba a ƙarƙashin ƙafar fasinjan gaba, esi ya daina aiki har yana wani kuka, sannan yana so a cire masa tamostat don kada injin ya riƙa zafi. Kowanne a cikin ukun cirewa yake nema a yi, amma kamar yadda muka gani daga baya, hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Hita: ɗumin da ba a biya

Kafin a fahimci hita sai an fahimci inji. Inji yana ƙona fetur, amma a cikin ƙarfin da ke cikin fetur ɗin, abin da ke komawa tafiya bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran zafi yake zama. Wani ya fita ta salansa, wani kuma ruwa ne yake kwashe shi. Akwai famfo da ke tura ruwa ya zagaya cikin jikin injin, ya ɗebo zafi, ya kai lagireto a gaban mota, iska ta huce shi, ya sake komawa.

Hita kuwa ƙaramin lagireto ce, girmanta kamar na littafin lissafi mai kauri, a ɓoye a bayan dashbod. Tiyo biyu ne suke ratsa bangon ƙarfen da ya raba inji da wurin zaman mutane, ɗaya ya kai mata ruwan zafi, ɗaya ya mayar da shi. Idan direba ya kunna ta, fanka ce take hura iska ta cikinta, iskar ta ɗumama ta shigo mota. Ke nan hita ba wuta take kunnawa ba, zafin da inji zai zubar ne take rabawa, shi ya sa kusan ba ta ƙara wa mota shan mai.

To me ke kashe ta? Baba ya sa yaro ya zare tiyo ɗaya, sai ga ruwa ja kamar na kududdufi. A ƙasashen sanyi ana haɗa ruwan lagireto da wani magani mai launin kore ko ja. Idan an haɗa su rabi da rabi, ruwan ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Da yake mu ba mu da ƙanƙara, sai mutane suka ɗauka maganin ba namu ba ne, suke ɗura ruwan rijiya ko na leda zalla. Alhali a cikin maganin nan akwai sinadarin da ke hana tsatsa. Idan babu shi, tsatsa da dattin ruwa su toshe ƙananan hanyoyin hita, a ƙarshe su huda ta. Ruwan da ke jiƙa ƙafar fasinja daga nan yake.

Canja hita aiki ne ja, domin a motoci da yawa sai an kwance dashbod gaba ɗaya. Shi ya sa kanikawa suke bin gajeriyar hanya: a zare tiyon nan biyu, a haɗa bakinsu da lanƙwasasshen bututu, ruwan ya juya ya koma inji ba tare da ya shiga cikin mota ba. Baba ya ja kunnen yaransa cewa haɗawa ake yi, ba a toshe su da katako ko kusa, domin a wasu injuna ta wannan hanyar ruwa yake zagayawa kafin injin ya ɗau zafi. Bayan an haɗa kuma sai an fitar da iskar da ta maƙale a ciki, don kumfar iska tana hana ruwa taɓa ƙarfe, wurin ya yi zafi shi kaɗai ba tare da an sani ba.

Wannan Sharon ɗin tana da hita ta biyu a baya. Ita kam Baba bai yi wata-wata ba ya cire ta, har da dogayen bututunta da suka bi ta ƙarƙashin mota suka yi tsatsa. Amma a kan ta gaba sai ya tsaya. Ya ce wa direban zai haɗa masa tiyon don ya samu ya fita aiki, da sharaɗin ya tara kuɗi ya dawo a sa wata kafin damina. Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga doron teku, ga sanyi ga ruwan sama. Idan mutum tara ko goma suna numfashi a cikin mota an rufe tagogi, tururin numfashinsu yana kwanciya a kan gilashi mai sanyi ya rufe hanya. Iskar hita ce take busar da shi. Direban da ba shi da ita, hannu ɗaya a sitiyari hannu ɗaya a tsumma yake tuƙi, a kan hanya mai kwana-kwana.

Akwai wani amfanin kuma da ba kowa ya sani ba. Idan inji ya fara zafi a hanya, kunna hita har ƙarshe yana taimakawa wajen rage zafin, tunda ita ma lagireto ce. Mutanen ciki za su sha gumi, amma sau da yawa hakan yakan ba direba damar kaiwa inda zai tsaya lafiya.

Esi: randa mai inji

Esi ya fi hita kayan aiki, amma sirrinsa yana cikin gidan kowa. Me ya sa ruwan randa yake sanyi? Saboda ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, yana bushewa, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da ke kusa da shi. Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Esi ma haka yake, sai dai maimakon ruwa, wani sinadari ne a ciki wanda kowa ke kira gas. Wanda ya fi yawa a motocinmu sunansa R134a, kuma yana tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifili. Kwamfuresa, wadda inji ke juyawa da fambel, ita take matse shi ya yi zafi. Daga nan ya shiga kondensa da ke gaban lagireto, iska ta huce shi ya zama ruwa-ruwa. Sai ya bi ta wata 'yar ƙaramar kafa ya faɗa wani ƙaramin lagireton a cikin dashbod, ya tafasa a can, ya zuƙe zafin iskar cikin mota. Ya koma kwamfuresa, a sake sabon zagaye. Ruwan da kuke gani yana ɗiga a ƙarƙashin mota mai esi, laimar iskar ciki ce ta taru, shi ya sa esi ma yana share tururin gilashi.

Kwamfuresar wannan motar ta cije, wato cikinta ya daina juyawa, abin da ke juya ta daga waje ma ya fara ci. Haɗarin shi ne, fambel ɗaya ne yake juya ta tare da abin da ke cajin batir da famfon sitiyari. Idan ta tsaya cak, fambel ya tsinke, duk sauran sun tsaya. Gyaran esi gaba ɗaya kuɗi ne mai yawa, fasinjan haya ba ya biyan kuɗin sanyi, ga shi esi yana cin wani abu daga ƙarfin inji ya ƙara shan mai. Don haka direban ya zaɓi a cire, Baba kuma bai musa ba.

Mun ga yadda aka yi. Aka cire kan batir tukuna. Aka kwance kwamfuresa, muka ɗaga ta muka ji ta haura kilo biyar. Aka zare kondensa, nan take fuskar lagireto ta buɗe, sai ga ƙurar hunturu da ganye da fukafukan ƙwari sun yi kauri a tsakaninsu kamar tabarma. Aka aiki yaro cikin kasuwa da igiyar da aka auna sabon tsawon, ya sayo fambel gajere. Wasu kuma sukan sa wani gare-gare a gurbin kwamfuresa don tsohon fambel ya ci gaba da aiki. Wayoyin da suka rage aka naɗe bakinsu aka ɗaure, don kada su taɓa ƙarfe su ta da wuta. Fankar cikin dashbod kuwa Baba ya ce a bar ta, ko ba komai za ta hura iska a gilashi.

Gas ɗin da ba a gani

Kafin a taɓa ko noti ɗaya na esin, sai da Baba ya aika aka kira mai gyaran esi ya zo da ma'auninsa. Ya jona, allura ba ta motsa ba, ashe gas ɗin ya daɗe da tsiyayewa. Da akwai shi, da sai an zuƙe shi da na'ura an adana a tukunyar gas. A wurare da yawa a ƙasar nan ba a yin haka, danna bakin bututun kawai ake yi a bar shi ya yi ta huci har ya ƙare.

Wannan yana da illa iri biyu. Ta kusa ita ce, gas ɗin yana fitowa da ƙarfi da tsananin sanyi, idan ya fesu a ido yana iya makantarwa, a fata kuma ya ƙona kamar wuta. In ya haɗu da harshen wuta yana ba da hayaƙi mai guba, ga shi kusan kowane gareji da mai walda a maƙwabtaka.

Illa ta nesa kuma ta shafi duniya baki ɗaya. Tsofaffin motoci suna amfani da gas mai suna R12, wanda aka gano yana cinye rufin ozon da ke tare mana mugun hasken rana. Saboda irinsa ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Montreal a 1987, masu ƙera motoci suka koma R134a a farkon shekarun 1990. Shi ba ya taɓa ozon, amma yana riƙe zafi a sararin samaniya: kilo ɗaya nasa daidai yake da kilo 1,430 na iskar kabon dayoksaid idan an auna a tsawon shekara ɗari. Mota ɗaya takan ɗauki tsakanin rabin kilo da kilo guda. Ku yi lissafin da kanku: rabin kilo kawai ya tashi kilo 715. Shi ya sa a 2016 aka yi wa yarjejeniyar kwaskwarima a Kigali ta ƙasar Ruwanda don a rage irin wannan gas ɗin, kuma daga 2017 sababbin motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai suka daina zuwa da shi. Mu da hamada ke matsowa garinmu, wannan magana ba ta Turawa kaɗai ba ce.

Ƙaramar ƙofar ruwa

Saura buƙata ta uku, kuma a nan ne aka yi ja-in-ja. Tamostat wani ɗan ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba, yana zaune a mashigar ruwa tsakanin inji da lagireto. Wata daga cikinmu ta ce ai wannan ita ce ƙofar ruwa ta gaskiya, kowa ya yi dariya, amma ta faɗi daidai. A cikinsa akwai kakin da ke kumbura idan ya ji zafi. Da safe injin yana sanyi, ƙofar a rufe take, ruwa yana zagayawa a cikin inji kaɗai don ya yi saurin ɗumama. Idan zafin ya kai tsakanin digiri 80 da 90, kakin ya kumbura ya tura ƙofar ta buɗe, ruwa ya tafi lagireto.

Direban ya ce abin na ƙasar sanyi ne, abokan aikinsa duk sun cire nasu, har sun haɗa fankar lagireto kai-tsaye tana juyawa ba tsayawa. Baba bai yi dogon musu ba. Ya ciro tamostat ɗin, ya sa aka karɓo ruwa a wurin mai shayi a cikin wani tsohon gwangwani, aka ɗora a wuta, ya ɗaure shi da waya ya tsoma. Muka kewaye muna kallo. Ruwa ya fara ƙananan kumfa, sai ga ƙofar tana buɗewa a hankali. Ya ciro ya ajiye a iska, ta koma ta rufe. Ya dubi direban ya ce, "Malam, mai gadin nan lafiyarsa ƙalau, laifin me ya yi za a kore shi?"

Ga dalilin. An ƙera inji ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90, ko a Jamus yake ko a Kano. A wannan zafin ne ƙarafansa suke buɗewa su zauna daidai da juna, baƙin mai ya tsinke yadda zai ratsa ko'ina, fetur ya ƙone sosai. Idan babu tamostat, injin yana daɗewa bai kai nan ba, musamman da asubar hunturu lokacin da sanyin Kano kan sauka ƙasa da digiri 15, ko a gangaren Jos. Ƙaramar kwamfutar motar tana jin ruwa da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara fetur. Rarar fetur ɗin tana wanke man da ke jikin silinda, tana gangarawa ta gurɓata baƙin mai. Direba yana ganin allurar zafi a ƙasa yana murna, alhali aljihunsa da injinsa ne suke ƙarewa a hankali. A wasu injunan ma, idan tamostat ya buɗe hanyar lagireto yana rufe wata gajeriyar hanya ta ciki. In babu shi, wani ruwan sai ya riƙa bin gajeriyar hanyar bai je lagireto ba, injin ya yi zafin da ake gudu. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai ma da tamostat ɗinsu suke zuwa.

Masu cirewar ma suna da hujjarsu, kuma ya kamata a faɗe ta. Tsohon tamostat yana iya cijewa a rufe, inji ya tafasa cikin 'yan mintuna, gasket ya ƙone. Wanda hakan ta same shi a tsakiyar daji, cirewa ce dabarar da za ta kai shi gari. Amma idan ya isa, sabo ya kamata ya saya, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba. Yawancin zafin inji kuwa daga wani wurin yake: toshewar lagireto, ko murfinsa ya saki, ko famfo ya gaji, ko fanka ta mutu, ko ruwa yana zuba. A wannan motar ma ga hujja a fili, hita mai yoyo da ƙurar da ta toshe fuskar lagireto. Direban ya yi shiru, sannan ya ce a mayar.

Abin da aka cire, ina za shi?

A Ƙofar Ruwa ba a zubar da komai. Kafin mu tashi, wani ɗan gwangwan ya zo da buhunsa da sikeli ya auna kondensa da bututun alminiyam ya biya. Kwamfuresar kuma wani mai rumfa ya saya don ya ciri abin da ke da sauran amfani a jikinta. Kuɗin ya rage wa direban kuɗin aiki. Abu ɗaya da Baba ya hana a zubar a ƙasa shi ne tsohon ruwan lagireto mai magani, domin yana da ɗan zaƙi, kuma guba ne ga yara da awaki da kyanwa.

Yaran garejin da yawansu sa'o'inku ne, wasu da safe suna makaranta, da yamma suna nan. Sun fi mu sanin inda kowane noti yake, mu kuma muna da bayanin dalilin da ya sa kaki yake kumbura. Mun ga cewa duk wanda ya haɗa biyun, ya riƙe littafi ya riƙe sifana, ba zai rasa abin yi a ƙasar nan ba.

Tsarabarmu gare ku

Abu uku aka kawo a cire, hukunci uku aka yanke. Esi ya tafi, an rasa jin daɗi kawai. Hita ta tafi hutun wucin gadi, domin rashinta yana iya rufe wa direba hanya. Tamostat ya koma mazauninsa, domin lafiyar inji a hannunsa take. Abin da ya raba su shi ne tambayar da Baba yake yi kafin ya ɗauki sifana: wannan abin, wane aiki yake yi, kuma wa zai yi aikin idan ba ya nan? Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a mota kuɗi da rai yake ci.

Ga gwaji biyu da za ku iya yi a gida. Ku jiƙa bayan hannu ɗaya da ruwa, ku bar ɗayan a bushe, ku hura musu iska, ku ji wanda ya fi sanyi: wannan shi ne esi. Sannan da sanyin safiya ku huci madubi ku ga yadda yake dushewa, ku fita da shi rana ku ga yadda yake washewa: wannan shi ne aikin hita a gilashin mota.

Gargaɗi na ƙarshe, ku riƙe shi ku kuma faɗa wa na gida. Kada wanda ya buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Murfin yana matse ruwan ne har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Ana buɗewa matsin ya tafi, ruwan ya tafasa nan take ya yi tsiri zuwa fuska. A kashe mota, a jira ta huce sosai, sannan a sa tsumma a murɗa a hankali.